Gubar da Muke Zubawa a Buhun Wake: Hukuncinta ga Mai Saye da Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, kaka ta yi, wake ya shigo Dakoro, kuma ɗabi'ar nan ta dawo. Mutum zai tsiyaya piya-piya a buhu don tsoron ƙwaro, ya ɗinke, bayan 'yan kwanaki farashi ya motsa ya fito da shi ana aunawa tiya-tiya. Amma akwai buhu guda a ƙuryar ɗaki wanda bai zuba wa komai ba: na iyalinsa ne. Ya ɗan'uwana, wannan buhun shi zai ba da shaida a kanka ranar hisabi, domin shi ne hujjar cewa ka sani.

Wasu sun ce mini iyakar magani dokar Turawa ce, ba ruwanta da addini. To, ku saurara. Masana lafiya sun auna yawan saurar maganin ƙwari da za a iya bari a cikin abinci ba tare da cutarwa ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin piya-piya. Iyakarsu miligiram 0.01 a kowane kilo. An sami wanda ya kai 4.6, ninki 460 ke nan. Su suna da na'urar gwaji a bakin iyakarsu. Marayan da aka saya wa ƙosai da safe, wace na'ura gare shi in ba tsoron Allah da ke zuciyarka ba?

Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don ya ɓoye. Danshin ruwan sama ne fa, ba guba ba! Duk wanda ya karanta Risala ya san babin ciniki ya haramta algus da ɓoye aibin haja, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita. Kada wani ya fake da cewa ajali ɗaya ne. Mai harbi da kibiya ma bai rage wa kowa kwana ba, amma shari'a ba ta ƙyale shi ba.

Haka mai lambu da ke fesa wa tumatir da kabeji yau, gobe ya tsinka, alhali kwanakin jira suna rubuce a jikin kwalbar. Haka mai share ragowar waken da ya sha magani ya zuba wa tumaki da kaji.

Kuma babu larura. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masu bincike na INRAN a Maradi suka gwada, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba digon magani. Ya fi buhun yau da kullum tsada, na sani, amma ana sake amfani da shi muddin bai huje ba.

Wanda ya riga ya zuba a bana, wajibi ne ya faɗa wa mai saye abin da ya zuba da ranar da ya zuba, ko da farashin zai faɗi. Ya kuma je wurin malaman gona ya tambaye su ko waken zai ciwu.