Tun Ran Gini, Ran Zane

Manyan ayyuka biyu ne ke ratsa ƙasar Arewa: hanya mai lamba 1, wadda ke haɗa Dosso da Birnin Ƙonni ta Dogondutsi, da bututun man fetur na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya bi ta gundumar Tibiri, aka kuma ƙaddamar da shi a 2023. An jibge sojoji domin tsare bututun daga 'yan bindiga. To, wa ke tsare waɗannan ayyuka daga ruwan sama?

Daminar 2024 ta isa gargaɗi. Ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1 da rabi. A watan Agusta ruwa ya katse hanya mai lamba 1 a Sorey, ƙofar Yamai, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka yi tsada a kasuwa. Abin da ya faru a Sorey yana iya faruwa a kwarin Dallol Mawri.

Wannan ba tsautsayi ba ne. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a Sahel tun 1982. Ƙasar da fari ya tsiraita ba ta shan ruwa. Daga tsaunuka yake gangarowa cikin ƙoramu, ya tono ƙarƙashin kwalta, ya cika magudanai da rairayi. Kadarkon da aka auna da ruwan shekarun fari na 1973 da 1984 ba zai ɗauki na yau ba.

Idan ya karye, wa ke biya? Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sai baitulmali ya ci sabon bashi, ɗan kasuwa ya yi asarar albasa a bakin ƙorama, ma'aikaci ya saye hatsi da tsada.

A nan inshora ke da amfani, domin kamfanin da zai biya ɓarna ba ya sa hannu sai ya binciki zane da aiki. Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan: tana cikin yarjejeniyar CIMA ta 1992, kuma a 2015 asusun ARC na Tarayyar Afirka ya biya ta diyyar fari.

Saboda haka wajibi ne kowace kwangila ta ƙunshi sharuɗɗa uku: a auna kadarko da ruwan shekarun nan, a yi wa aikin inshora tun daga tushe, ɗan kwangila ya ɗauki alhakinsa shekara 10. Sannan a buga sharuɗɗan kowa ya gani, domin dukiyar talakawa ce.

Hukumar da ta bayar da kwangila ba tare da su ba, kada ta fake da ƙaddara ranar da ruwa ya ci hanya.