A Auna Mutum Kafin A Yanka Yadi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane iri iri, ya sa waɗansu dogaye, waɗansu gajeru, waɗansu masu jiki, waɗansu sirara. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan magana ce zuwa ga malamai masu karantar da jama'a, da attajirai masu ɗaukar mutane aiki, a kan wani hakki wanda ya ke ƙarami a ido amma mai nauyi a mizani, watau hakkin ma'aikaci cikin rigar da a ke wajabta masa sawa.

A zamanin da, in an ga mutane da tufa iri ɗaya, to, ko soja ne, ko ɗan sanda, ko dogari. Yanzu kuwa rigar aiki, wadda a ke kira yunifom, ta game ko'ina. Mai gadi yana da tasa, haka mai zuba mai a gidan mai, da yaron kanti, da direban kamfani, da ma'aikaciyar asibiti, da kuku a otal. Wannan ba aibu ba ne, gama da ita mai ciniki ke gane wanda zai tambaya, ita kuma ke kare tufafin mutum na gida daga maiƙo da dauɗa. Inda aibun ya ke shi ne wajen sayenta. Maigida ya kan aika kasuwa a kwaso dozin biyu ko uku masu awo ɗaya, ko ya ce wa tela ya ɗinka matsakaita duka, don neman araha. Ranar rabo, wanda ta yi wa daidai ya gode Allah. Wanda ta matse a ce masa ya rage ci, wanda ta yi wa yawa a ce masa ya naɗe hannu, wanda ya yi ƙorafi kuwa a nuna masa ƙofa.

Dalilin da maigida ke dogara da shi shi ne zaton cewa yawancin mutane matsakaita ne, saboda haka riga matsakaiciya ta ishi kowa in ban da ɗaiɗaiku. Wannan zato an taɓa gwada shi da awo da lissafi a ƙasar Amurka, aka iske ba shi da tushe. A shekarar 1950 rundunar mayaƙan sama ta ƙasar ta sa aka auna jikin mutanenta masu tashi da jirgi su 4,063. Wani matashin hafsa mai ilmin awon jiki, sunansa Gilbert Daniels, ya ɗauki awo goma daga cikin waɗanda tela ke bukata, watau tsawo, da ƙirji, da hannun riga, da tsawon ƙafa, da zagayen gangar jiki, da kwatangwalo, da wuya, da ƙugu, da cinya, da hantsar wando. Ya ce bari a ga mutum nawa ne za su fito matsakaita a cikin goman nan duka. Bai ma tsananta ba, ya buɗa iyakar matsakaici har ta ɗauki kimanin rubu'in mutanen ko fiye a kowane awo guda.

Ga yadda lissafin ya fita. A tsawo, mutum 1,055 su ne matsakaita. Da aka haɗa da ƙirji suka koma 302. Da aka ƙara hannun riga suka koma 143, sa'an nan 73, sa'an nan 28, sa'an nan 12, sa'an nan 6, sa'an nan 3, sa'an nan 2. Da aka kai awo na goma ba wanda ya saura, ko mutum ɗaya. Ya buga wannan bincike a shekarar 1952. A lura fa, waɗannan duka maza ne zaɓaɓɓu, waɗanda aka tantance jikinsu tun kafin a ɗauke su. In ba a sami matsakaici a cikinsu ba, ina za a same shi cikin taron da ya haɗa yaro da dattijo, da mace da namiji? Ashe dozin mai awo ɗaya an ɗinka ta ne domin wani mutum wanda ba a haifa ba. Daga baya masu ƙera kayan soja suka koma ga yin kujera mai matsawa gaba da baya, da maɗauri mai ƙari da ragi, da tufafi masu awo dabam dabam, don kaya su bi jikin mutum.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Wando mai tazuge, da babbar riga, da zane, da rawani, duk an yi su ne yadda za su karɓi mai jiki da siriri, shi ya sa wa kan ara wa ƙane riga ranar salla ba wanda ya gane. Wataƙila saboda wannan sabo ne attajirai da yawa ba su lura da cewa rigar aiki ta zamani, mai maɓalli da zif da ɗamara, ba ta da wannan haƙuri. Inci biyu in ta rage, mai ita ya wuni cikin ƙunci. Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka kafa a Nijeriya a shekarar 1973, ya ga yadda teloli ke samun ciniki wajen ragewa da buɗa kaki a kwanakin farko. Wancan na shekara ɗaya ne. Mai gadi kuwa da yaron kanti, su shekara da shekaru za su yi cikin tasu.

Cutarwar da rigar da ba ta yi daidai ba ke jawowa iri uku ce. Ta fari ita ce hatsari ga jiki. Hannun riga mai reto kusa da bel na injin niƙa tarko ne. Safar hannu da ta fi hannu girma ta kan suɓuce wa mai walda, takalmin da ya yi yawa ya kan ka da mai hawa tsani, wanda ya matse kuwa ya kan sa mutum ya cire shi ya taka ƙusa. Saboda irin wannan ne hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fid da ƙa'ida wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2025, cewa kayan kariya da a ke bai wa masu aikin gini lalle su yi wa kowane ma'aikaci daidai.

Ta biyu ita ce zub da mutunci. Magidanci mai 'ya'ya ya wuni da rigar da maɓallinta ke neman tsinkewa a ciki, yara na yi masa dariya, abokan aiki sun laƙaba masa suna. In lokacin salla ya yi, yana ruku'u yana fargabar kada wando ya yage. Matar aure a ba ta riga mai bayyana surarta gaban baƙi, in ta sami juna biyu kuwa a ce rigar ba ta shigarta, ta tafi gida sai ta haihu, alhali da yadi ɗaya da rabi da an raba gardama. Malamai sun san hanin da ya zo cikin Suratul Hujurati a kan izgili da jifa da miyagun laƙabi. To, wanda ya sa wa mutum abin da zai jawo masa izgili, lalle yana da kaso cikin alhakin.

Ta uku, wadda ta fi sauran muni, ita ce a mai da riga ma'aunin ɗauka da kora. A nan ma akwai misali sananne daga Amurka. Kamfanin jiragen sama na United Airlines, daga 1980 zuwa 1994, ya ɗora wa masu hidimar fasinja cikin jirgi iyakar nauyin jiki, wanda ya ƙetare a dakatar da shi ko a sallame shi. Iyakar maza an ɗauko ta daga awon mai babban jiki, ta mata kuwa daga awon mai matsakaicin jiki, har ya zama ana bukatar mace ta kasa namiji mai tsawonta da shekarunta da laba 14 zuwa 25, watau kimanin kilo 6 zuwa 11. Waɗansu daga cikin matan suka kai ƙara. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa wannan bambanci ne haramtacce, gama kamfanin bai nuna cewa ƙarin sirantar mata tana da nasaba da iya aikin ba. Jihar Mishigan ta ƙasar ta hana nuna bambanci saboda tsawo ko nauyi cikin dokarta ta 1976, birnin New York kuma ya yi tasa dokar a 2023, amma ya keɓe ayyukan da girman jiki ke hana yin su a haƙiƙa.

A Nijeriya, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana bambanci saboda ƙabila, da asali, da jinsi, da addini, da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci girman jiki ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta ba da tufafin kariya inda aiki ke haɗa mutum da abu mai cutarwa. Ƙasar kuma ta amince a 1994 da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ɗora ba da kayan kariya a kan mai ɗaukar aiki, ta kuma hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗinsu. Amma kowa ya san jami'in ƙwadago ba safai ya kan leƙa ƙaramin kanti ko gidan burodi ba. Abin da ke tsare hakki a irin waɗannan wurare shi ne tsoron Allah da ke zuciyar maigida, da abin da ya ji daga bakin malaminsa.

Nan ne aikin malamai ya ke. Babin ijara yana nan cikin Risala da Muhtasar, kuma duk ɗalibin da ya karanta shi ya san ana sharɗanta lada ya zama sananne, aiki ma sananne. To, in an yi jinga da mutum a kan albashi kaza, wata ya ƙare ya ga an zaftare kuɗin riga wadda ba a ambata masa ba ranar jinga, sa'an nan ya sake biyan tela daga aljihunsa don a gyara ta, ina sanin lada ya tafi? Attajirin da ba zai yarda a tauye masa mudu a kasuwa ba, yaya zai tauye awon rigar yaronsa? Malamai kuma sun san labarin Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa an gan shi a Rabaza shi da bawansa sanye da tufa iri ɗaya, ya kuma bayyana cewa umurnin Manzon Allah ya ke bi. Wannan fa bawa ke nan a wancan zamani. Ina ga ɗa wanda ya zo da ƙafarsa neman halali?

Attajiri yana iya cewa ɗinkin awo ya fi na dozin tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Rigar da ta matse ba ta daɗewa ta ke yagewa a hamata, a sake sayen wata. Awon mutum kuwa bai fi 'yan mintoci ba a hannun tela, kuma garuruwan nan ba su rasa teloli ba, ba su rasa yadi ba. Yana iya cewa kuma akwai aikin da mai jiki ba zai iya ba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, gama tsani yana da iyakar nauyin da ya ke ɗauka, rijiya da tanki kuma suna da iyakar faɗin baki. Hanyar adalci a nan ita ce a gwada mutum da aikin kansa. A ba shi buhun ya ɗauka, a nuna masa tsanin ya hau. In ya iya, tef ɗin tela ba shi da ta cewa. In ya kasa, an raba shi da aikin bisa hujja wadda shi ma ya gani da idonsa. Amma faɗin cewa masu ciniki sun fi son ganin siriri a bayan kanta, wannan son zuciya ne. Mai saye yana komawa inda aka cika masa awo, aka sakar masa fuska.

Abin da ya kamata ga mai ɗaukar aiki ba shi da yawa. Ya sa a auna kowa kafin a yanka yadi, mata kuma mace ta auna su a keɓe. Ya biya kuɗin rigar da shi ya wajabta, in kuwa zai raba kuɗin da ma'aikaci, ya faɗa tun ranar jinga. Ya ba da biyu, don a wanke ɗaya a sa ɗaya. Ya sa tela ya bar rara a cikin ɗinki, ya kuma yarda a sake awo in jiki ya sauya saboda juna biyu, ko ciwo, ko shekaru. Ya hana izgili a gidansa, ya fara da bakinsa. Su kuma ma'aikata su riƙe rigar da amana, su tsabtace ta, kada su mai da ita ta zuwa gona ko biki.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, mai riga kuma shi ya san inda ta ke matse shi, sai dai sau da yawa tsoron kora ya kan rufe masa baki. Saboda haka kada maigida ya ɗauki shirun yaransa a kan yarda. Ya kira su ɗaya ɗaya ya tambaya, tun kafin ranar da za a tambaye shi. Allah ya sa a ji, ya ba da ikon gyarawa, ya sa albarka cikin kasuwa da karatu. Amin. Wassalam.