Janareta Mai Amfani da Gas: Alheri Ne, Amma a Yi Hattara

Jama'a, kowa ya san halin da muke ciki a Katsina game da wutar lantarki. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Duk da haka har yau in wuta ta ɗauke sai ka ji yara sun ce, "Nepa ta ɗauke!" A watan Oktoba na 2024 ma yawancin jihohin Arewa sun yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Wannan ya sa janareta ya zama abokin zaman tela, da mai aski, da mai cajin waya.

To, ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Daga nan mutane suka shiga sauya kafireton janaretansu don ya riƙa aiki da gas ɗin girki. Ni dai ina goyon bayan wannan dabara, amma da sharaɗi.

Amfaninta a fili yake. Gas ba ya lalacewa in an ajiye shi kamar yadda fetur ke yi. Ba ya tara baƙin zunzu a fulogi sosai. Ba a zuba shi a tankin inji mai zafi, balle ya malale ya kama da wuta. Tukunya ɗaya kuma tana iya yin girki da rana, ta ba da haske da dare, har 'yan Sikawut su tafi da ita wajen zango. Gaskiya ne shi ma gas ya yi tsada tun daga lokacin, kuma ƙarfin injin yakan ɗan ragu, saboda haka kowa ya yi lissafinsa kafin ya sauya.

Amma akwai wata mummunar fahimta da ta kusa jawo mana makoki. Yayana tela ne, yana da shago a wajen Ƙofar Ƙaura. A dogon hutun da ya wuce ina taya shi guga, aikin kayan makaranta ya yi yawa. Wani dare hadari ya haɗo, ga kuma tsoron ɓarayi, sai ya shigo da janareta cikin shago ya tura ƙofa. Na ce, "Yaya, hayaƙi fa?" Ya ce, "Kai, na gas ne, ba ya hayaƙi." Ba a jima ba kaina ya fara sarawa, yaron shagon kuwa ya miƙe sai jiri ya kwashe shi. Allah ya sa Yaya ya yi maza ya kashe injin, ya buɗe ƙofa, muka fita da yaron, aka kai shi asibiti. Da barci ya ɗauke mu, da wani labarin ake yi.

Da muka dawo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya. Ya bayyana mini cewa duk injin da ke ƙona mai, ko fetur ko gas, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya yi barcin da ba tashi. Ya ce shi kansa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, ƙyastu ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai mu kiyaye abubuwa huɗu. Na ɗaya, kada a kunna janareta a ɗaki, ko shago, ko zaure, ko tanti. A ajiye shi a fili, kamar taku ashirin daga ƙofa da taga, salansa na kallon waje. In ana tsoron ruwa a yi masa rumfa, in ana tsoron ɓarawo a sa masa sarƙa. Na biyu, a kai wa ƙwararren makaniki ya yi sauyin, da tiyo da kan tukunya masu kyau, don araha ba ta ado. Na uku, tukunya ta tsaya a tsaye cikin inuwa, nesa da salansa. Na huɗu, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana.

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. In mun je hutu, kowa ya duba inda janaretan gidansu ke kwana, ya yi wa manya bayani cikin ladabi. Inji in an sace ana sayen wani, rai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya kiyaye mu, amin.