Sayen Nagari, Mai da Kuɗi Gida

Duk wanda ya shiga Katako a Yamai, ko Kasuwar Dole a Damagaram, tambaya ɗaya ce a bakinsa: “Nawa ne?” Da ita ake buɗe ciniki, da ita ake rufe shi. Amma akwai tambaya ta biyu wadda ba kasafai ɗalibi yake yi ba, alhali ita ce mai faɗin farashi na gaskiya: “Kwana nawa zai yi mini?” A ganina, wanda aljihunsa bai da nauyi shi ya fi kowa bukatar wannan tambaya, domin shi ne ba ya iya biyan kuɗin abu guda sau biyu.

Mu ɗauki takalmi. A ce silifa na roba sefa 1.500 ne, kuma zirga-zirga tsakanin ɗakin kwana da ɗakin karatu tana cinye shi cikin wata 2. A ce kuma takalmin fata ɗinkin baduku sefa 6.000 ne, yana kai shekara 2. Cikin shekarun nan, mai silifa ya sayi ƙafa 12, ya kashe sefa 18.000, wato ninki uku na abin da ɗan’uwansa ya kashe. Bai ji zafin fitar kuɗin ba, don kaɗan-kaɗan suka tafi. Ga shi kuma fata in ta tsinke ana ɗinke ta, roba kuwa in ta tsage sai juji. Ba banza ba magabata suka ce araha ba ta ado.

Wannan hasara ce da ake iya ƙirgawa. Akwai wadda ta fi ta ciwo. Cajar waya ta jabu ba ta daidaita wutar da take turawa yadda ya kamata, sai batir ya riƙa ɗaukar zafi yana raunana, balle a bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. An tsimi sefa 1.000 a kan caja, an kashe wayar da ta ci dubbai. Haka nan ƴar ma’ajiyar USB, wadda muke kira kile. Ta jabu takan nuna wa kwamfuta cewa cikinta ya fi yadda yake girma. Da ta cika, sabon abin da aka zuba sai ya hau kan tsoho ya lalata shi, ba tare da wani gargaɗi ba. Ɗalibin da ya yi wata guda a ƙauye yana naɗar muryoyin tsofaffi domin kundinsa na kammala karatu, in ya damƙa wa irin wannan kile amanar aikinsa, me zai gaya wa malamin da ke duba shi? Kile tana da farashi, muryar dattijon da ya rasu ba ta da shi.

Wani zai ce wannan magana ce ta mai ƙoshi. Kuɗin tallafin karatu kan makara, gida na nesa, wanda bai san inda abincin darensa zai fito ba ina shi ina takalmin jaka shida? Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ba a kore shi da karin magana. Sai dai ba a ce kome da kome sai mai tsada ba. Abubuwan da mutum yake taɓawa kullum ba su wuce uku ko huɗu ba: takalmi, jakar littattafai, caja, da wurin ajiyar aiki. A kansu ya kamata a daure, saura kuwa a yi daidai ruwa daidai tsaki. Adashin da iyayenmu mata suke sayen kayan ɗaki da shi, abokai biyar ma suna iya yin irinsa, kowane wata mutum guda ya kwasa. Gwanjo mai ƙwari kuma ya fi sabo marar aure.

A kula kuma, tsada ba ita ce nagarta ba. Sunan kamfani shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo, kuma akwai mai sayen suna don a gani, ba don amfani ba. Wannan almubazzaranci ne da ya sake riga. Nagarta ana bincikar ta ne. A duba ɗinki, a ja maɗauri, a tambaya ko abin yana gyaruwa, ko ana samun kayan gyaransa a gari. Sabuwar kile, a cika ta maƙil, a sake buɗe abin da aka zuba, kafin a yarda da ita. Shawara kuwa a nemi ta mai gyara, ba ta mai sayarwa ba, domin gawar kowane kaya a teburinsa take ƙarewa.

Karin maganar da ke kan wannan rubutu tana da fuska ta biyu. Kuɗin da aka ba baduku, ko tela, ko maƙeri, a unguwa suke kwana, su ciyar da iyali, su riƙe sana’a a raye. Na kayan yayi kuwa kan iyaka suke ƙetarewa, su bar mana tarkacen da ke toshe magudanan ruwa da damina. Saboda haka, in ciniki ya faɗa, kafin hannu ya shiga aljihu, a raba farashin da kwanakin da abin zai yi. Abin da lissafi ya bayar, shi ne kuɗinsa.