Tarkacen Gida: Ajiyar da Ta Zama Nauyi

Tarkace shi ne duk kayan da ya daina amfani amma bai bar gida ba. A Tudun Jukun, kamar sauran unguwannin Tudun Wadan Zariya inda gidajen haya suka yi yawa, iyali guda kan zauna a ciki da falo, duk da haka wani sashe na ɗakin ba na mutane ba ne. Ƙarƙashin gado akwai fanteka da kwalla da samirar jeren aure da aka shekara goma ba a taɓa ba. Bisa kwaba akwai akwatunan lefe cike da zannuwan anko da aka ɗaura sau ɗaya. A tsakar gida kuma ga matacciyar fanka, ga tsohuwar taya, ga jarkokin da suka fashe.

Dalilin tara su ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana, kuma wanda ya san zafin nema ba ya saurin zubar da abu. Akwai kuma kunya: mace na gudun a ce ta rabu da kayan da iyayenta suka yi mata. Waɗannan dalilai ne masu nauyi. Sai dai ajiya ta gaskiya ita ce wadda mai ita ya san inda take da ranar amfaninta. Abin da aka manta da shi har gara da asu suka cinye ya tashi daga ajiya, ya koma asara.

Illar farko ta lafiya ce. Da damina ta kankama a Zariya, musamman a watan Agusta, taya da gwangwani da fasasshen bokiti kan tara ruwa, kuma cikin kwana goma ko ƙasa da haka ƙwan sauro ya zama sauro. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Tarin buhuna da tsummoki kuwa gidan ɓera ne, shi kuma ɓera yana yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Da hunturu kuma, lokacin da ake shiga da garwashi ɗaki, tsohuwar katifa da tarin takardu su ne abincin gobara. Don irin wannan ne duba-gari suke shiga gida-gida a zamanin En'e, suna leƙa randa da makwarara.

Illa ta biyu ta fi ta farko zafi, domin ta shafi haƙƙi. Zanin da ke ruɓewa a akwati, akwai bazawarar da ke da ɗaya tak a maƙwabta. Rigar sanyin da ta yi wa yaro kaɗan, akwai almajirin da ke kwana a zaure ba mayafi. Littafin firamaren da aka gama da shi, wani uba yana can ya kasa saya. Riƙe abin da mutum ba ya buƙata alhali na kusa da shi yana cikin rashi wani nau'in rowa ne, ko da mai shi bai ɗauke shi haka ba. Idan ta Allah ta kasance, magada ne za su buɗe akwatunan, su tarar yawanci ba sa moruwa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi, sai niyya da yini guda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da faɗuwar damina ko kafin azumi. A fara da kusurwa ɗaya, a fito da komai tsakar gida, a kasa kashi huɗu. Abin da ake amfani da shi a wanke a mayar. Mai kyau da ya shekara ba a nema ba a bayar da shi tun yana da daraja, domin ba da tsumma ba kyauta ba ce. Ƙarfe da alminiyam da roba a kira 'yan gwangwan su ɗora a sikeli su biya. Daga irin wannan alminiyam ake zuba tukwane. Ragowar a kai bola, ba a tura kwata ba, don kwatar da ta toshe gidan maƙwabci take mayar wa ruwa. Maganin da wa'adinsa ya wuce a raba shi da gidan yara. Takardun fili da na haihuwa da na makaranta kuwa a haɗa su wuri guda inda ruwa ba ya kaiwa.

Zuciya ma tana tara nata. Bashin da aka yi shiru a kansa, kayan aro da ba a mayar ba, alkawarin da aka bari a rataye, da gabar da aka shekara ana yi da ɗan'uwa, duk nauyi ne. Musulunci bai yarda mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma ya tsananta a kan biyan bashi. Wanda ya share ɗaki ya bar waɗannan, rabin aiki ya yi.

Abu na ƙarshe shi ne tsare ƙofa. Gidan da aka rage wa kaya zai sake cika muddin ana sayen anko a kowane biki da kwanukan da ba za a ci abinci a ciki ba. Kafin a shigo da sabon abu, ya kamata a san amfaninsa da mazauninsa, idan kuma yana da tsoho, a fitar da tsohon ga mai buƙata a ranar.