Taɓin hankali: Inda magani bai kai ba

A unguwa mai cunkoso kamar Badarawa da ke arewacin birnin Kaduna, ƙarar janareta da ta Keke Napep da kiran masu talla ba sa hana mutane hira, domin ƙwaƙwalwa na tace sautuka, ta riƙe wanda ake buƙata ta yi watsi da saura.

Wannan matatar ce ke samun matsala ga masu fama da cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana shafar mutum ɗaya cikin 300.

Tun a 1961 wasu masu bincike a Birtaniya, McGhie da Chapman, suka ruwaito marasa lafiya na kokawa cewa komai na shigar musu kai a lokaci guda.

Daga baya an auna abin. Idan aka kaɗa wa mai lafiya sauti biyu iri ɗaya, rabin daƙiƙa tsakaninsu, ƙwaƙwalwarsa kan rage martani a karo na biyu. Ga da yawa daga cikin masu cutar kuwa, martanin ba ya raguwa sosai.

Shi ya sa a gida akan ga mutum ya kasa bin zance ko ya gudu daga taron suna, sai a ce taurin kai ne ko shafar aljanu.

Iyalan da suka tsallaka kogi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa kan samu magungunan da ke rage jin muryoyi da zargi marar tushe. Sai dai tasirinsu a kan raunin mai da hankali kaɗan ne, kuma wannan raunin ne ya fi hana mutum komawa aiki ko makaranta.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kula da marasa lafiya a cikin al'umma. To amma ma'aikatan da za su koya wa iyalai su kashe rediyo, su yi magana ɗaya bayan ɗaya da gajerun jimloli, sun yi matuƙar ƙaranci a Najeriya.