Kafin ku sayi kwamfutar wasa, ku fara tambayar kuran ɗin gidanku

Jama'ar Tarka, na Belbeji da na ƙauyuka, ƴan uwa na Tanut da Gangara, da namu da ke ci-rani a Aljeriya da Libiya: Wata gardama ta shigo fadar samari, har ta fara cin kuɗin iyaye. Wai wanda zai fara sayen kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda bakinmu ya saba, wace ta fi masa: babba ta kan tebur, ko tafi-da-gidanka irin ta masu wasa, mai fitilu ja da kore? Ni dai nawa ra'ayin ba ɓoyayye ba ne. Ga mai farawa a Damargu, duka biyun asara ce. Masu gardamar sun tsallake tambayar farko: ina kuran ɗin da za ta ci?

Mun san inda gardamar ta fito. Daga YouTube da TikTok ne. Wani saurayi a Faransa ko a Amurka zai zauna cikin ɗaki mai sanyi ya ce maka ta tebur ta fi: da kuɗi ɗaya za ka samu ƙarfi fiye da na tafi-da-gidanka, ba ta saurin zafi, in kart garafik ɗinta ya tsufa sai ka ciro ka sa sabo. Wallahi bai yi ƙarya ba. Sai dai da mutanen garinsu yake magana, inda a kan yi shekara wuta ba ta ƙifta ba. Yaronmu ya saurara, ya hadda ce, ya zo fada yana maimaitawa kamar karatun firamare, bai taɓa tambayar kansa ko maganar ta shafi Belbeji ba.

To mu a ina muke? A Nijar gaba ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, kuma a karkara abin ya fi haka muni sosai. Masu ita ma sun san halinta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a wancan lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nigelec daga can take zuwa. Watanni aka yi har manyan birane suna cikin delestaji. Mu kuwa da ke arewacin Damagaram, gidaje da yawa pano ɗaya ne da batir ɗaya, su ne fitila, su ne cajin waya, su ne rediyon da kuke jin mu da shi.

Ku zo mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Kwamfutar tebur ta wasa, da ekiran ɗinta, tana shan wat 300 zuwa 500 in ana tsakiyar wasa. Mu ɗauki 400. Awa huɗu na wasa, wat-awa 1600 ke nan. Batir mai bolt 12 da ampa 100, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, wat-awa 1200 yake riƙewa, kuma in na darma ne, rabi kawai ake so ka sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600. Ma'ana awa ɗaya da rabi, batir ya zube, gida ya kwana cikin duhu, wayar inna ba caji. Wa ya gaya wa yaron wannan a bidiyo? Babu.

Ko kana kan layin Nigelec, ta tebur ba ta da batir a cikinta. Wuta ta ɗauke, ita ma ta mutu nan take, da duk abin da kake rubutawa. Dawowar wutar da ƙarfi kuma ita ke ƙona akwatin wutarta, wani lokacin har da babban allon. Za a ce maka ka sayi ondilar. Ondilar ƙarami ƴan mintoci yake ba ka, don ka adana aikinka ka kashe na'ura lafiya. Ba a yi shi don a buga wasa a kansa ba.

Nan ne masu ɗaya ɓangaren za su yi tsalle su ce: ai shi ya sa muka ce tafi-da-gidanka ta wasa! Ku dakata. Batirinta ba ya wuce wat-awa 100, saboda iyakar da kamfanonin jiragen sama suka sa ke nan, masu ƙera ta kuma ba sa haurawa. Cajarta kuwa wat 150 ce zuwa 240, wasu ma sun fi. Ka cire ta daga wuta kana wasa, awa ɗaya ko biyu ta ƙare, kuma tun kafin nan ta rage gudunta da kanta don ta tanadi batir. Ashe ita ma ƴar kuran ce, sai dai tana da jaka.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40 a inuwa. Wannan na'ura tana haɗa zafin wat ɗari da wani abu cikin jiki siriri, tana dogaro da ƙananan fankoki biyu su fitar da shi. Fankokin nan iskar ɗaki suke zuƙa, kuma kun san abin da ke cikin iskarmu in hunturu ya buso da hazo. Ƙura ta toshe hanyar iska, zafi ya taru, gudu ya ragu, wata rana ekiran ya yi baƙi. Kart garafik ɗinta a like yake jikin allo, ba a ciro shi a sauya. In ya ƙone, sai ka ɗauke ta zuwa Zinder, daga Tanut kawai kusan kilomita 150, can ma mai gyara ya ce sai an aika Kano neman kayan. Kuɗin mota, kuɗin gyara, da jiran da ba shi da rana.

Ba mu ma zo kan intanet ba. Manyan wasannin yanzu irin su GTA V ko Call of Duty suna kai jiga 100, wasu su wuce, kuma kullum da sabon abin da za a sauke. Da wane forfe? Da wane rezo? Wanda ke hawa tudu don ya aika saƙon murya a WhatsApp, shi ne zai sauke jiga ɗari?

Ina da magana da wasu ƴan kasuwa kuma, ba duka ba, masu amana sun san kansu. Kun gane yara suna son kalmar "gema" da lambar i7, sai ku kawo tsohuwar na'ura ku manna mata suna ku ninka kuɗi. Wannan cin amana ne. Jama'a ku sani, i7 kaɗai ba ya nufin komai, zamanin injin ake dubawa, wato lambar da ke bin ƴar sandar. Core i7-2620M na shekarar 2011 ne, ƙwaƙwalwa biyu gare shi. Core i5-8250U na 2017 ne, yana da huɗu, ya fi shi gudu, ya fi shi tattalin wuta. Sannan kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana buƙatar injin Intel na zamani na 8 zuwa sama. Wanda ya sayar maka da abin da bai kai haka ba a farashin sabo, ya sayar maka da jiya.

To me mai farawa zai saya? Tafi-da-gidanka ta ofis, okaziyo mai lafiya, irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook. Zamani na 8 ko sama, RAM jiga 8, ma'ajiya SSD ta jiga 256. Cajarta wat 45 ce zuwa 65, kuma a aikin rubutu ko rabin haka ba ta sha. Batirin gidan nan da ta tebur ta zubar cikin awa ɗaya da rabi, wannan za ta yini a kansa. Kafin ka biya, ka sa a cire ta daga wuta a gabanka, ka zauna ka ga yadda batirinta ke sauka, ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafa da kile ɗinka. Ka tafi da wanda ya sani. Da ita za ka koyi Word da Excel, ka rubuta takardar neman aiki, ka shirya bak ko konkur, ka gyara sauti da hoto, har tsofaffin wasannin ƙwallo na PES za ta buga maka.

Na san wasu za su ce mai rediyo ya tsufa, ba ya son wasa. Ina! Wasa ba laifi ba ne in bai cinye salla da karatu ba. Amma Free Fire da PUBG da eFootball da kuke yini a kansu, ai a wayar hannu suke, an kuma yi su ne don su gudu a kanta. Mene ne na sayen raƙumi don ɗaukar tiya ɗaya ta hatsi?

Akwai inda ta tebur take da gaskiya, ban musa ba. Wanda zai buɗe gidan wasa ko sibar a matsayin sana'a, ya zuba pano da yawa da batir na litiyom, ya rufe ɗakin daga ƙura, ya lissafa abin da zai shigo kowace rana, wannan ta tebur ta fi masa, don gyaranta ya fi sauƙi kuma ɗaya bayan ɗaya ake sauya kayanta. Shi ɗan kasuwa ne mai jari. Yaron da ke aji na uku a kwaleji ba shi ba ne.

Iyaye da yayyen da ke turo kuɗi, maganar ƙarshe taku ce. Kuɗin nan mun san yadda ake samun su: ragon da aka yi wata shida ana kiwo, buhun hatsin da aka ɗebo daga rumbu, gumin da aka zubar a ginin Libiya ko a ramin zinariya na Jado. In ƙaninka ya turo maka hoton na'ura mai fitilu ya ce ita yake so, ka tambaye shi abu biyu: wat nawa ne a rubuce jikin cajarta, kuma batirin gidanmu ampa nawa ne? In ya kasa amsawa, bai isa saye ba tukuna. In ya amsa, shi da kansa zai sauya shawara. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa albarka cikin abin da muka nema.